Inshorar da Na Mayar wa Surukina

Ni mutum ne mai duba abu sau biyu. Idan na kulle gida na kama hanyar masallaci, sai na dawo na girgiza kwaɗon kafin raina ya kwanta. Idan na ɗaure kaya a bayan mota, nakan yi ’yar tafiya kaɗan in tsaya in sake jan igiyar. A tashar Mafara direbobi suna kirana Mai-waswasi, kuma na daɗe da daina jin haushi. Karatuna a firamare ya tsaya. Ina karanta lamba da haruffa a hankali, da yatsa a kan layi, amma dai ina karantawa.

Motata a-kori-kura ce, tsohuwa, wadda a da fara ce. Aikina ɗaukar nama. Tun da shanu suka yi wuya a ƙauyuka saboda ɓarayin daji, mahauta da yawa na Bakura da na Maradun suka koma dogara da kwatar Mafara. A yanka da safe, a raba, a lulluɓe da tamfol, ni kuma in kai kafin rana ta yi zafi. Sarkin Fawa ne ya ba ni aikin, ba don motata ta fi ta kowa ba, sai don ya san ba na tsayawa shan shayi da naman mutane a baya. Da wannan aikin nake ciyar da gidana. Ba ni da rumfa a kasuwa, gonar da na gada kuma tana wajen da yanzu ba a zuwa.

Takardun motar ina ajiye su cikin wata jakar fata da na sa baduku ya ɗinka mini. A cikinsu duka, takardar inshora na fi ji da ita. Dalili kuwa, ina yaron mota na ga wani direba ya taka wani mai tallar albasa ranar kasuwar Talata. Direban ya sayar da abin da ya mallaka, duk da haka ƙafar mutumin ba ta samu maganin da ya kamata ba. Har ya rasu yana jan ta. Daga baya wani tsohon direba ya yi mini bayani cewa inshorar da doka ta wajabta ba ta mai mota ba ce, ta wanda ka buge ce. Idan tsautsayi ya faɗa, kamfani ne zai ɗauki nauyinsa. Tun daga ranar, duk lokacin da na kutsa cikin cinkoson kasuwa, mutane suna goga kafaɗa da madubina, nakan tuna da takardar da ke cikin jakar in ji numfashina ya daidaita.

Surukina, mahaifin matata, shi ke yi mini takardun. A da dillalin shanu ne a kara, da ƙafafunsa suka yi rauni sai ya kafa tebur a inuwar darbejiya kusa da tasha, yana karɓar takardun direbobi yana ba wani mutum da ke zuwa daga Gusau, a sabunta a dawo da su. Kusan duk tashar ta hannunsa take bi. Ni kuwa ban taɓa miƙa masa takarda hannu da hannu ba, domin a wajenmu mutum ba ya ciniki da surukinsa. Idan na hango shi nakan tuɓe takalmi in durƙusa daga nesa in gaishe shi, kaina a ƙasa. Idan lokacin sabuntawa ya zo, matata nake ba tsofaffin takardun da abin da ya sawwaƙa, ta kai gidansu, bayan ɗan lokaci su dawo cikin baƙar leda. Ni da nake girgiza kwaɗon gidana, ban taɓa tambayar wannan ledar komai ba. Ta hannun Baba ta fito.

Ranar da abin ya faru, na ɗauko naman Bakura. Ban yi nisa da barin gari ba na tarar da shingen jami’an duba motoci. Ban ji ko ɗar ba. Ni nakan ma ji daɗin irin wannan tsayawar, domin ita ce kaɗai inda waswasina ke yi mini rana. Tun kafin jami’in ya ƙaraso na fito da jakar.

“Sannu da aiki, ranka shi daɗe.”

“Yauwa direba. Me ka ɗauko?”

“Nama ne, na mahautan Bakura.”

Ya karɓi takardun, amma bai tsaya duba hatimi ba kamar yadda aka saba. Ya zagaya gaban motar, ya karanta lambar, ya buga ta a wayarsa. Ya jira. Ya sake bugawa.

“Malam, motarka ba ta da inshora.”

Na yi ’yar dariya, na nuna masa da yatsa. “Ga ta nan hannunka, ranka shi daɗe. Ta saman nan mai kore.”

“Na ga takarda. Amma babu kamfanin da ya san da motarka.”

Mutumin bai yi mini tsawa ba. Ya ce yanzu ba a duba takarda da ido. Duk motar da kamfani ya yi wa inshora ta gaskiya, lambarta tana shiga na’ura, idan an buga sai sunan kamfanin ya fito da ranar ƙarewa. Ya buga lambar wata bas da ke tsaye a gabana, rubutu ya fito. Ya buga tawa, babu. Na ce ya sake. Ya sake. Na ce ko wayarsa ce, ya karɓi ’yar ƙaramar wayata mai maɓallai, ya nuna mini abin da zan danna ɗaya bayan ɗaya, ya ce in buga da hannuna. Na buga da hannuna. Babu.

Ba hukuncin da za a yi wa motar ne ya fara zo mini a rai ba. Kasuwar Talata ce ta zo mini, da dukan shekarun da na yi ina ratsa ta. Tsofaffi masu sanda, mata masu ƙwaryar nono a ka, masu baro. Ashe duk lokacin nan babu komai tsakanina da su.

Ya ce za a cire lambar, a dakatar da rajistar motar, a ajiye ta a harabar ofishinsu har sai na kawo inshorar da na’ura ta sani. Yana kwance kusoshin lambar, sai ga wani direba mai jar a-kori-kura ya tsaya. Abokin tasha ne, kuma kowa ya san ya daɗe yana son aikin naman nan. Ya ja ni gefe.

“Kai Mai-waswasi, mi ka tsaya yi kamar gunki? Ja shi bayan mota ka yi mashi magana irin ta manya. Nama na shan rana.”

“Wace magana? Ya ce ba ta ciki, kuma na gani da idona ba ta ciki.”

“To wa ag gare shi ta ciki? Duk tashar nan wa ag gare shi? Kai kaɗai aka haihwa da tsoron Allah?”

“Ba ni yi.”

“To zamna. Kawo naman in kai, kar ƙuda su riga mahauta.”

Shi an duba shi tun jiya, ya ce, ko kuma dai ya san yadda ya yi. Ban tambaya ba. Muka kwashe naman zuwa motarsa, ina ƙirga cinyoyi da idona yana yi mini dariya. Ya tafi. Ni kuma na juya, jami’i ɗaya zaune a gefena, na tuƙa motata ba lamba zuwa harabar. Da na kashe ta na kulle, sai da na koma na taɓa kowace ƙofa.

Daga can wajen Sarkin Fawa na nufa. Na tarar da shi a rumfarsa yana wasa wuƙa. Labari ya riga ni. Bayan mun gaisa, ya ce, “Na ji. Allah shi kyauta. Amma ka san sana’armu, in an yanka sai an kai. Na ba ka zuwa kasuwar Talata mai zuwa. In motarka ta hito, aikinka na nan. In ba ta hito ba, kak ka ga laihina.”

Na ce na gode. Bai yi mini rashin adalci ba.

Abin da ya fi wannan nauyi yana gida. Na tarar da matata tana tankaɗe a tsakar gida. Na zauna a bakin turmi na faɗa mata komai, sannan na ce ta je ta sanar da Baba.

Ta ajiye rariyar. “In ce mashi mi? In ce takardarshi ta ƙarya ce? Da wane baki?”

“Ki ce an buga ba a gan ta ba.”

“Kai dai da bincike. Da ka yi abin da kowa ka yi, da yanzu kana Bakura.”

Ta dai sa mayafi ta tafi. Na san ba yadda na faɗa ta faɗa ba. Na tabbata cewa ta yi takardar ta ɗan samu matsala, domin washegari sai ga ta da wata baƙar ledar. Sabuwar takarda ce, ta fi ta farko kyau nesa ba kusa ba. Mai kauri, mai sheƙi, da hatimi ruwan zinariya a ƙasa. Ta ce Baba ya ce wannan ta musamman ce, bai karɓi komai ba, kuma ya san wanda zai karɓo mini lambata da ita kafin la’asar.

Na riƙe ta ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Na so ƙwarai ta zama ta gaskiya. Na ɗauko waya na danna abin da jami’in ya koya mini. Babu. Na ce ko sabis ne, na fita bakin titi inda ya fi ƙarfi. Babu. Na ce ko wayar ce ta lalace, na tsaya har wata sabuwar motar wani ɗan kasuwa ta zo shan mai, na karanta lambarta na buga. Rubutu ya fito tsaf. Na sake buga tawa. Babu.

Na koma gida na miƙa wa matata ledar. “Mai da mashi.”

Ta ɓoye hannuwanta cikin zane. “Wallahi ba ni kai ta. Ubana ya yi mani alheri in mai da mashi? Kai ta da kanka in kana iyawa.”

Ta faɗi haka ne don ta san ba zan iya ba. Tun da na auri ’yarsa ban taɓa shiga zaurensa ni kaɗai ba, sai da Sallah, kuma da aboki mai yi mini magana. Na daɗe zaune da ledar a cinya. Idan na karɓi takardar nan, kafin la’asar lambata tana jikin motata, gobe ina kwata, babu wanda zai ji kunya. Sai dai ni zan san abin da ke cikin jakata duk lokacin da na shiga kasuwa. A da ban sani ba. Yanzu na sani. Na tashi na sa hula.

Na tarar da shi a zaure tare da ƙanensa, wanda muke kira Kawu. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa a bakin ƙofa. Muka yi gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da ƙafafunsa. Da gaisuwa ta ƙare na tura ledar kan tabarma a hankali, na dubi Kawu, domin ta bakinsa ya kamata maganata ta bi.

“Kawu, a hwaɗa ma Baba na gode ƙwarai. Amma ita ma wagga an buga ba ta ciki.”

Baba bai jira Kawu ba. Ya zaro takardar, ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa, kamar yadda na sha ganinsa yana buɗe bakin bijimi yana duba haƙora.

“Shekara nawa ina taɓa kaya?” ya ce, yana kallon Kawu shi ma. “Sa, in na ɗora hannu ga ƙugunshi na san abin da ka ciki. Ba a taɓa sayar mani da marar lahiya ba. Taɓa wagga ka ji nauyinta. Dubi hatimi. Wannan ita za a ce ma ta banza? Mutumin da ka kawo mani su, akushi guda muka ci da shi. Ni za ni yarda da wata ’yar waya in bar mutum?”

Kawu ya taɓa takardar ya gyaɗa kai. “Lalle akwai nauyi.”

A nan ne ya kamata in ce haka ne Baba, in ɗauki ledar, in yi godiya in fita. Na san da haka. Bakina ma ya fara. Amma sai na ji kaina ya ɗago, na dube shi, shi kansa, ba Kawu ba.

“Baba, ba ta ciki. Nauyinta ba shi biyan kowa. In na taka mutum da wagga takarda, babu inda za ya tai.”

Kawu ya zabura. “Kai! Surukinka kaka kallo ido cikin ido? Ina kunyarka ta tahi?”

“A gahwarce ni, Kawu.”

“Allah ka tsarewa, yaro, ba takarda ba.”

“Allah ka tsarewa, Kawu. Amma in ya ƙaddara, ni za a tambaya hakkin mutumin, ba mai hatimi ba.”

Ni ba jarumi ba ne. Tsoro ne ya kai ni zauren, tsoro biyu ne suka haɗu ɗaya ya fi ƙarfi. Baba ya ajiye takardar. A lokacin na gane bai taɓa zargin komai ba. Shi ma kawo masa aka yi, ya taɓa ya ji nauyi ya yarda.

Ya ce a hankali, “Ɗauki abinka. Kahin la’asar lambarka na hannunka. Kana da iyali. Ɗiyata na gidanka.”

“Ba ni ɗauka, Baba.”

“Ka zo gidana ka ƙaryata ni.”

“Ban ƙaryata ka ba. Takardar ni ƙaryata.”

Ya juya fuskarsa bango. Na jira ko zai sallame ni, bai sallame ni ba. Na ja da baya a durƙushe har na fita, na bar ledar a kan tabarma. Sai da na yi nisa na lura na sa takalmi a juye.

Kafin magariba unguwa ta ji. Matata ta ajiye mini tuwo, da na yi mata magana ta ce, “Ka gama da ni a gidanmu,” ta shige ɗaki. Da safe na fitar da buhunan shinkafar da na ajiye don damina na sayar, domin inshora ta gaskiya ta fi ta tebur tsada. Tana kallo ana fita da su, ba ta hana ba, ba ta kuma taya ni ba.

Na tafi Gusau a motar haya. Kafin in shiga na zagaya na karanta lambarta na buga. Ba ta ciki. Na buga ta mai bi mata, ita ma haka. Na shiga dai, domin ba zan tafi Gusau a ƙafa ba, amma duk hanya ina riƙe da kujerar gaba ina yi wa direban addu’a.

Ofishin kamfanin inshorar yana saman wani bene. Wata mata ce a gaban kwamfuta. Ta tambayi lambar mota da lambar inji da ta bodi, na karanta mata daga takardar rajista, na roƙe ta ta maimaita mini, ta maimaita. Na biya, ta ba ni rasit, sannan injin ya fito da takardar. Farar takarda ce siririya, irin wadda ake naɗe ƙosai da ita, babu zinariya babu sheƙi. Da Baba ya taɓa ta da ya yar.

Ban tashi ba. Na fito da waya na buga. Babu.

“Hajiya, ba ta ciki.”

“Za ta shiga, Baba. Wani lokaci yakan ɗan jinkirta. Ka je gida abinka.”

“Ba ni zuwa sai na gan ta.”

Ta yi dariya, ta nuna mini benci. Na zauna. Na sauka na yi azahar na dawo na buga. Na yi la’asar na dawo na buga. Masu shigowa suna yi mini kallon mai jiran sadaka. Da za su tashi ta ce, “Baba, ko dai a ba ka makullin ka kwana?” Na ce a’a, ina da ɗan’uwa a gari, amma da safe za ta gan ni. Ta kuwa gan ni, tun kafin ta buɗe. Wajen hantsi na buga, sai ga rubutu. Na sa yatsa a kan gilashin wayar na bi shi harafi harafi: lambata, sunan kamfanin, ranar ƙarewa. Na goge na sake bugawa, ya sake fitowa. Na nuna mata, ta ce, “To alhamdulillahi, mun huta.”

Na dawo Mafara ina ganin na tsira, sai dai hutun ƙarshen mako ya shiga. Ana gobe kasuwa na wuce kai tsaye ofishin da motata take. Aka duba takardar, aka buga, aka gan ta. Amma aka ce ɗage dakatarwar sai an shigar a kwamfuta, kwamfutar kuma ba ta samun sabis. In dawo gobe.

Ranar Talata tun da safe ina kan bencinsu. Daga inda nake ina jin hayaniyar kasuwa, ina hango motata a harabar, ƙura ta rufe gilashinta. Sabis ya zo ya tafi. Da ya dawo, mai sa hannu ya fita. Ina zaune sai ga jar a-kori-kurar nan ta biyo titi, tamfol a baya, na san abin da ke ƙarƙashinsa. Ya rage gudu, ya leƙo.

“Mai-waswasi! Har yanzu ana bincike? Akwai wata matattar mota gareji, in kwanto maka lambarta ka lallaɓa?”

“Wuce da naman mutane, rana na yi.”

Ya danna ham ya wuce. Na bi shi da ido har ya sha kwana. Raina ya ɓaci, har na kasa cin abin da na saya. Amma ko a lokacin, da an ajiye mini takardar zinariyar nan a gefe ɗaya da bencin nan a gefe ɗaya, bencin zan sake zaɓa.

Sai bayan kasuwa ta wuce aka ɗage dakatarwar. Aka fito da lambata daga wani kabad. Jami’in ya ɗauko abin ɗaurewa, na ce ya bari. Ni na ɗaura ta da hannuna, gaba da baya, na girgiza kowace in ji ko ta zauna.

Na tafi wajen Sarkin Fawa da motar, na tsayar da ita inda zai gan ta. Muka gaisa.

“Ta hito,” na ce.

“Na gani. Amma Talata ta wuce, kuma na ba da magana. Bakura ta tahi.”

Bakura ita ce mai yawan, ita ce mai kyawun hanya.

“Sai dai Maradun,” ya ce. “Shi mai jar mota ya ce ba shi bin wagga hanya, yana da ’yan ɗiya ƙanana. Kamar kai ba ka da su. In kana so, taka ce.”

“Ina so.”

“Ka san ba ta kai rabin Bakura ba.”

“Na sani.”

Ya dube ni ya girgiza kai. “Duk a kan takarda guda.”

“Duk a kanta, Sarki.”

Haka nake har yau. Maradun kaɗai nake kaiwa. Ba ma fita sai rana ta ɗaga mun ji labarin hanya daga waɗanda suka fara isowa, kuma kafin la’asar ina gida. Ranar da aka ce wajen ƙauyen Gidan Goga ba lafiya, mahautan ba sa saye da yawa, wata ranar ma ba a fita. Abin da ke shigowa ya ragu, gidana ya ji a tukunya. Matata ta sauko a hankali, amma akan yi ranar da za ta auna hatsi ta dube ni.

Na koma zauren Baba da aboki mai yi mini magana, kamar yadda ake yi. Na ba da haƙuri a kan ɗaga kai da na yi, da maganar da na yi masa kai tsaye, domin wannan ba tarbiyyarmu ba ce. A kan takardar ban ba da haƙuri ba. Kawu ya lura. Da muka fito ya biyo ni waje ya ce, don a zauna lafiya, idan shekara ta zagayo in aika matata ta karɓo ta wajen Baba, ko ba zan yi aiki da ita ba in ajiye ta a ƙarƙashin katifa, tsoho ya ji ba a guje shi ba. Na ce masa duk abin da Baba yake so a gidana nasa ne, in kai shi asibiti, in ɗauko masa hatsi, in yi masa aike ko’ina. Amma wannan takardar ba za ta sake shiga gidana ba, ko ƙarƙashin katifa. Kawu ya ce taurin kaina ya fi na jaki. Na ce na ji.

Teburin yana nan a inuwar darbejiya, ko da yake masu zuwa sun ragu tun da shingayen suka yawaita. Kullum na zo wucewa nakan tuɓe takalmi in durƙusa daga nesa. Yakan amsa, gajeriyar amsa, yana kallon wani wajen. Ban daina durƙusawa ba.

Hanyar fita zuwa Maradun ranar Talata sai ka ratsa gefen kasuwa. Nakan sa giya ta ɗaya in bi a hankali, masu baro suna zagina in yi sauri, mata masu nono suna ratsawa ta gaban motar ba sa ko waiwaye. Siririyar takardar tana cikin jakar fata. Na san tana ciki, domin na buga da safe kafin in tayar da mota. Idan na wuce kasuwar na hau titi, nakan tsaya in sake jan igiyar tamfol, sannan in kama hanya.